Gidan gem da buɗaɗɗun injina: in rufe, in ci gaba, ko in shiga harkar lodi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 27 a Kano. Shekara uku ke nan ina da gidan gem mai injin wasa na Sony, wato PS4, guda biyar. Huɗu daga ciki buɗaɗɗu ne, wato an karya musu makullin kamfani don su ci wasannin kwafi, mai gyara ne yake loda min wasanni a kan kuɗi kaɗan, ɗaya ne kawai yake cin kaset na orijina. Naira 200 ake biya a wasa ɗaya, kowane inji yana yin kamar wasa 25 a rana, fetur kuma yana cin kusan naira 8,000. Da wannan sana'a nake taimakon mahaifiyata, da ita nake tara kuɗin aure. Yayana ya ce min satar fasaha nake yi, kuɗin ba su da tsarki. Ni kuma ina ganin kamfanonin nan ba su ma san da ni ba, babu abin da ya ragu a aljihunsu, kaset ɗin kuma ya fi ƙarfina. Ga shi mai gyaran yana so mu haɗa jari mu buɗe wurin buɗe injina da loda wa mutane wasanni. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa nemanka albarka, ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar mahaifiya. Kada ka rufe shagon. Kada ka shiga harkar lodin. Injinan nan huɗu kuwa ka fara mayar da su kan kaset na gaskiya ɗaya bayan ɗaya, cikin wata huɗu zuwa shida, yadda ciniki ba zai tsaya ba. Yayanka ya fi ka kusa da gaskiya, amma hujjojinka ma ba na banza ba ne, kuma gara a fara da su.

Maganar tsada gaskiya ce. Sabon wasan ƙwallo na kamfanin EA, irin su FC 24 da FC 25, ana sayar da shi dala 70 ranar fitowarsa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haye 1,500 a 2024. Ke nan kaset ɗaya ya kai naira 105,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikaci a Amurka zai sayi wasan da ladan aikin 'yan sa'o'i, a nan kuwa albashin wata guda bai kai ba. Bayan haka, Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ya buɗe wa kantinsa na intanet, shi ya sa duk mai son sayen wasa a can sai ya buɗe asusu da sunan wata ƙasa ya nemi katin kuɗinta. Kamfanin da bai buɗe maka ƙofa ba, bai kuma yi maka farashin da ya dace da aljihunka ba, yana da nasa kason laifin. Shugaban kamfanin Valve, mai sayar da wasannin kwamfuta a intanet, Gabe Newell, ya faɗi makamancin haka a 2011: a ganinsa satar wasanni matsala ce ta rashin kyakkyawar hidima ga mai saye, ya kuma ba da misali da Rasha, wadda aka ce masa ba za a taɓa cin riba a cikinta ba, amma ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsu a Turai da suka kai wasanni a kan lokaci kuma cikin harshen mutanen.

Maganar cewa babu abin da ya ragu a aljihunsu ma tana da ƙafa. Hukumar Tarayyar Turai ta taɓa biyan kamfanin bincike na Ecorys yuro 360,000 don ya auna asarar da satar fasaha ke jawowa. An kammala rahoton a 2015, bai fito fili ba sai 2017 da wata 'yar majalisar Turai daga Jamus ta nemo shi. Ban da sababbin manyan finafinai, rahoton bai sami tabbatacciyar shaida cewa satar tana rage ciniki ba. A ɓangaren wasanni ma alƙalumansa sun karkata ga cewa tana iya ƙara shi, duk da cewa tazarar kuskuren lissafin tana da faɗi sosai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: yaron da ba shi da naira 105,000 ba zai saya ba ko da an toshe duk hanyoyin sata, don haka ba a yi asarar cinikinsa ba.

To amma kai ba wannan yaron ba ne, kuma a nan hujjar take karyewa. Da lissafin da ka bayar, shagonka yana tara naira 25,000 a rana, 20,000 daga ciki daga buɗaɗɗun injina suke fitowa. Ka sayi talabijin da kuɗinka, ka sayi fad ɗin da ake riƙewa a buga wasa, kana biyan haya, kana biyan mai fetur naira 8,000 kullum ba tare da ka ce masa ya yi tsada don haka za ka ɗiba kyauta ba. A cikin duk abin da ya haɗu ya samar da naira 200 ɗin nan, mutum ɗaya ne kaɗai ba a biya ba, shi ne wanda ya ƙera abin da yaran suka zo bugawa. Ba don bencinka suke zuwa ba, don wasan suke zuwa. Kuma kai kana iya saye, sai dai riba za ta ragu na ɗan lokaci. Bambancin wanda ba zai iya ba da wanda ba ya son ribarsa ta ragu shi ne ainihin bambancin da ke tsakaninka da yaron can.

Asarar kuma akwai ta, sai dai ba daidai take faɗa wa kowa ba. Wani bincike da William Volckmann na Jami'ar North Carolina ya fitar a 2024 ya duba wasannin kwamfuta da ke da makullin hana kwafi mai suna Denuvo. Ya gano cewa idan aka fasa makullin a farkon fitowar wasa, kuɗin shigarsa yana raguwa da kusan kashi 20 cikin 100, amma idan aka fasa bayan mako 12, asarar kusan babu. Wato ɓarnar tana cikin sabon wasa, kuma sabon wasa shi ne abin da gidan gem yake nema a loda masa duk watan Satumba in sabuwar ƙwallo ta fito. Ƙananan masu ƙira sun fi jin jiki. A 2013 wasu 'yan'uwa biyu masu ƙaramin kamfani, Greenheart Games, sun fitar da wasan Game Dev Tycoon a kan kusan dala 8. A ranar farko mutum 214 ne suka saya, fiye da 3,100 suka buga na sata. EA ba zai rushe saboda shagonka ba, wannan gaskiya ne. Amma mai lodi ba ya tambayar girman kamfani kafin ya zuba wasa a inji, kuma al'adar da ta koya wa yara cewa wasa abu ne da ake turawa a kan ɗari biyar ita ce za ta tarbi duk ɗan ƙasar nan da ya ƙera nasa. Akwai masu ƙira a nahiyar nan: Maliyo Games a Legas, Leti Arts a Gana, Kiro'o Games a Kamaru. Kai da kake Kano ba sai an yi maka dogon bayani ba. Ka ga yadda kasuwar faifan finafinan Hausa ta mutu, kuma masu kwafa da masu turawa a waya suna cikin abin da ya kashe ta. Waɗanda suka rasa abinci a lokacin ba manyan jarumai kaɗai ba ne, har da masu ɗaukar hoto, masu tace fim da yaran shaguna.

Ta fuskar addini, yana da kyau ka san cewa maganar ba yayanka ne ya ƙirƙiro ta ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa, haƙƙin ƙirƙira da alamar kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar dukiya, shari'a tana kare su, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka sassauta ga wanda ya kwafi abu don amfanin kansa kawai, musamman in ba shi da hanyar samunsa, amma su ma sun tsaya a bakin kasuwanci da shi. Wannan ba sata ba ce irin wadda ake yanke hannu a kanta, tunda ba a ɗauke wani abu daga ma'ajiyar mai shi ba. Cin amfanin haƙƙin wani ne ba da yardarsa ba. Za ka ji wasu a majalisa suna cewa ai kayan Turawa ne ko na Japanawa, ba komai. Wannan magana ba ta da tushe. Dukiyar wanda ba Musulmi ba, wanda ake zaman lafiya da ciniki da shi, ba ta halatta don addininsa.

Dokar ƙasa ma ta canza, mutane da yawa a harkar ba su sani ba. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988. Tana kare manhajar kwamfuta, tana hukunta sayarwa ko bayar da hayar kwafin sata, kuma ta shigo da abin da ya shafe ka kai tsaye: haramta karya makullin fasaha da mai abu ya sa, da yin sana'ar karya shi. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke aiwatar da ita. Ba za mu tsorata ka da cewa gobe za a zo a kwashe maka kaya ba. Amma ka lura da inda doka ta fi nauyi: a kan mai buɗewa da mai rarrabawa. A ƙasashen waje ma su ake bi. Gary Bowser, wanda ya yi aiki da ƙungiyar da ke sayar da na'urorin buɗe injinan Nintendo, an yanke masa wata 40 a kurkuku a Amurka a 2022, da biyan dala miliyan 14.5. Masu manhajar Yuzu, wadda ake buga wasannin Nintendo da ita a kwamfuta, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 a watan Maris na 2024 suka rufe.

Shi ya sa tayin mai gyaran nan muke so ka ƙi shi kai tsaye, cikin mutunci. A yanzu kana da sana'a ta halal wadda wani ɓangarenta ya gurɓata, kuma ana iya wanke shi. Wurin lodi kuwa ba shi da wata haja sai kayan mutane. In ka cire satar, babu abin da ya rage a shagon. Ko ta fuskar jari ma harka ce mai rauni. Buɗe PS4 ya dogara ne da ɓarakar da ake samu a wani zubin manhajar injin, kamar ta 9.00 da aka samu a ƙarshen 2021 da ta 11.00 a 2024, Sony kuma yana toshe kowace da sabon zubi. Injin da aka sabunta ya wuce wurin sai a jira wata ɓarakar, wadda ba wanda ya san ranar zuwanta. Kuma duk injin da ya lalace a hannunku, ku za a riƙe. In kana son haɗa jari da shi, ku haɗa a kan gyara na gaskiya: canza kan fad da ya fara ja gefe, gyaran ramin HDMI, wanke fanka da canza man sanyaya na'ura, saye da sayar da kaset na hannu. A garin da ƙura da zafi suke kashe injina, wannan aikin ba ya yankewa.

Yanzu ga yadda za ka bi da injinan. Kafin ka kashe ko sisi, ka ɗauki littafi ka rubuta wasan da aka buga a kowane inji na tsawon mako biyu. Kusan tabbas za ka ga ƙwallo ce take kawo mafi yawan kuɗin, sai wasan faɗa ɗaya ko biyu. Wasanni 20 ko 30 da aka cika maka inji da su yawancinsu ado ne. Abin da kake buƙata na gaskiya bai wuce kaset ɗin ƙwallo ɗaya ga kowane inji ba, da kaset biyu ko uku na wasu wasannin da za a riƙa zagayawa da su. Dole kowane inji ya sami nasa, domin PS4 ba ya buga wasan kaset sai kaset ɗin yana ciki, ko da an riga an zuba shi a ma'ajiya.

Lissafin ba shi da ban tsoro kamar yadda kake zato. Sabon kaset na naira 105,000 wasa 525 ne, wato cinikin inji ɗaya na kwana 21, kuma zai yi maka aiki shekara guda. Fetur na mako biyu ya fi shi tsada. Ba dole ba ne ma ka sa sabo a duka. Wasan ƙwallo na bara farashinsa yana faɗuwa warwas da zarar na bana ya fito, kuma sayen kaset na hannu halal ne, doka ma ba ta hana ba. In ka same shi a naira 30,000, wasa 150 ne, kwana shida. Ka sa na bana a inji ɗaya ko biyu, ka ɗan ƙara musu farashi, sauran su ɗauki na bara a tsohon farashi. Ka ware naira 2,000 kullum, 400 daga kowane inji, a wata kana da 60,000. Da wannan za ka gyara inji ɗaya duk wata, wani watan biyu. Lokacin saye ka duba bayan kaset a haske, ka ƙi mai zurfin karce ko tsagewa a tsakiya, kuma ka sa a gwada shi a gabanka har a shiga wasa. Kaset ɗin PS4 na kowace ƙasa yana aiki a kowane inji, ƙarin kayan da ake saya a intanet ne kawai suke bin ƙasar asusu.

Akwai hanyoyi biyu da za su rage maka kashe kuɗi. Tun watan Satumbar 2021 kamfanin Konami ya mayar da wasan ƙwallonsa na PES zuwa eFootball, kuma kyauta ake saukar da shi ta halastacciyar hanya, sai dai yana son intanet kuma ƙungiyoyin da mutum biyu za su zaɓa a inji ɗaya ba su kai na tsohon PES yawa ba, don haka ka gwada shi da kwastomominka kafin ka dogara da shi. Rocket League, wasan ƙwallo da motoci, shi ma kyauta ne tun 2020, kuma ana raba allo a buga shi. Ga masu son PES na da, kaset ɗin PES 2021 yana karɓar sababbin ƙungiyoyi da riguna ta filas, a cikin jakar da ake sa wa suna WEPES, ta sashen gyaran ƙungiyoyi da kamfanin da kansa ya tanada, ba tare da an buɗe inji ba. Ba ka buƙatar biyan PlayStation Plus, rajistar Sony ta wasan intanet, don mutum biyu su buga a inji ɗaya.

Wajen mayar da injin, ga inda mutane suke ƙonewa. Kada ka sabunta manhaja kafin ka gwada wurin cin kaset. Injin da ya shekara biyu ko uku yana aiki da lodi kawai, sau da yawa idonsa mai karanta kaset ya mutu ko ƙura ta cika shi ba wanda ya lura. Mafi muni, idan allon da ke kula da wurin kaset ɗin ya lalace, sabuntawar tana tsayawa a tsakiya da lambar kuskure SU-42118-6, injin ya riƙa kunnuwa yana komawa wuri ɗaya. Don haka ka fara sa tsohon kaset, wanda bai nemi sabon zubi ba, ka ga ya ja shi, ya karanta, ya fitar. In ya gaza, a gyara tukuna. Injin da ya fi lafiyar wurin kaset shi za ka fara da shi.

In ya ci wannan gwajin, ka yi masa wankan gaba ɗaya, kada ka tsaya a sabuntawa kawai. Ka sami filas da aka tsara a FAT32 ko exFAT, ka buɗe jaka mai suna PS4, a cikinta wata mai suna UPDATE, duka da manyan baƙaƙe. Daga shafin PlayStation na hukuma ka sauko da fayil ɗin sake zuba manhaja gaba ɗaya, wanda ya kai wajen gigabait ɗaya, ba ƙaramin na sabuntawa ba, ka ajiye shi da suna PS4UPDATE.PUP. Kuskuren suna ko ɗauko ƙaramin fayil shi ne abin da ya fi sa injin ya ce bai ga komai ba. Ka kashe injin ɗungurungum, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa bakwai har ka ji ƙara ta biyu, ka haɗa fad da waya, ka zaɓi lamba 7 a jerin da zai fito. Wannan zai share komai, har da wasannin lodi da ajiyar ci gaban da yara suka yi, don haka ka sanar da masu dogon wasa tun mako guda kafin ranar. Ka yi aikin a kan janareta mai cikakken mai ko inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar zuba manhaja tana iya jawo sake aikin daga farko ko abin da ya fi haka. Kuma ka sani ba a komawa baya: injin da ya hau sabon zubi ya hau ke nan.

Za a ce maka ka yi wauta, domin inji mai tsohon zubi ya fi tsada a kasuwa saboda ana iya buɗe shi. Gaskiya ne za ka rasa wannan ƙarin. Amma ka sa abin da za ka huta da shi a ɗaya gefen sikelin. Buɗin PS4 ba ya zama, duk lokacin da aka kashe inji sai an sake shi, kuma wani lokaci yana sa injin ya mutu farat ɗaya, ya tashi yana duba ma'ajiya, kwastoma na zaune yana jira. A shagon da wuta take ɗaukewa sau da yawa a rana, ka fi kowa sanin wasa nawa kake rasawa a haka. Buɗaɗɗen inji ba ya shiga wasan intanet na Sony sai an sabunta shi, kuma wanda aka kama da alamun lodi ana iya toshe asusunsa ko injin kansa. Wankakken inji kuwa yana ba ka damar sabunta 'yan wasa bayan an rufe kasuwar musayarsu, abin da yara suke tambaya kullum.

Tarko biyu suna jiran wanda ya bar lodi. Na farko masu sayar da asusu, waɗanda za su ce za su sa maka sabon wasa na orijina a kan kwata ko rabin farashi. Abin da suke yi shi ne sayar da asusu ɗaya ga mutane da yawa, alhali asusu ɗaya inji ɗaya ne kawai yake iya zama babban injinsa a PS4. Ranar da mai asusun ya canza kalmar sirri ko ya sauke injinka, za ka ga ɗan kwaɗo a kan wasan, kuɗinka sun tafi. Wasu ma da katin banki na sata aka sayi wasan, in mai katin ya kai ƙara a toshe asusun. Wannan bai fi lodi tsarki ba. Na biyu, in ka taɓa tunanin ƙara kwamfutoci, ka nisanci fasassun wasanni. A 2021 kamfanin Avast ya bankaɗo wata muguwar manhaja, Crackonosh, da aka ɓoye a cikin fasassun GTA V, PES 2018, NBA 2K19 da wasu. Ta kama kwamfuta fiye da 222,000, tana kashe garkuwar Windows, tana amfani da injin mutum da wutarsa wajen haƙo kuɗin intanet na Monero, har masu ita suka tara kimanin dala miliyan 2. Ga mai biyan fetur da kansa, wannan yana nufin janaretarka ce take yi wa ɓarawo aiki.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani don kada wani ya zo ya ba ka mamaki da shi. Ko kaset na orijina, sharaɗin da ke rubuce a kansa yawanci na amfanin gida ne, ba na kasuwanci ba. A kwamfuta Valve yana da tsari na musamman ga gidajen gem, wanda ake rajista a sayi lasisin kasuwanci. A PS4 kuwa ƙaramin shago irin naka ba shi da wata ƙofa mai sauƙi irin wannan. Ra'ayinmu shi ne tazarar da ke tsakanin wanda ya biya mai abu kuɗin kowane kwafi da wanda bai biya komai ba kuma ya karya makulli tazara ce babba, kuma ita ce take hannunka ka rufe yau. In shagon ya girma har ka fara shirya gasa mai tikiti da talla, a nan sai ka rubuta wa kamfanin wasan ka nemi izini, domin manyansu suna da ƙa'idojin gasa a rubuce.

Kuɗin da ka riga ka tara kuma, kada waswasi ya sa ka watsar da shirin aurenka. Ba dukansu ne haƙƙin wani ba: akwai guminka, wutarka, hayarka da kayanka a ciki. Ka je wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki, kai da yayanka tare in zai yiwu, ka yi masa bayani dalla-dalla, domin malamai da yawa ba su san yadda lodi yake ba, kuma amsar tana bin yadda aka yi tambayar. Ka gaya masa inji nawa, shekara nawa, da kuɗin kaset ɗin da ya kamata a ce ka saya a tsawon lokacin. Wannan adadin, kaset huɗu a shekara sau uku, shi ne ma'auni mafi kusa na abin da ka riƙe, ba duk cinikin shekara uku ba. Tunda za ka je, ka haɗa da tambaya a kan tsarin wanda aka ci shi ne zai biya, da 'yan kallo masu sa kuɗi a kan wasa, in ana yi a shagonka. Malamai da yawa suna ganin wannan ya shiga caca, kuma a wurinmu ya fi maganar kaset gaggawa, shi da barin yara masu kayan makaranta su zauna a lokacin aji.

Wannan makon ka fara da littafin ƙidayar wasanni da gwajin wurin kaset na injinan huɗu. Wanda ya fi lafiya ka wanke shi ranar da ciniki ya fi sanyi, ka ajiye shi kusa da wanda yake cin kaset tun asali, ka sa musu ƙwallo iri ɗaya don masu jiran layi su rarrabu. Wanda wurin kaset ɗinsa ya mutu kuma gyaransa ya kusa kuɗin wani injin na hannu, ka bar shi a ƙarshe, ka tambayi mai gyaran ko matsalar ido ce kawai ko allo ne. In ido ne, ana canza shi, ko ka wanke injin ka mayar da shi na eFootball da Rocket League waɗanda ba sa buƙatar kaset. In allo ne, kada a taɓa sabunta shi sai an gyara.